Ƙwallon da Kawu Ya Soke

Na Allah ne mu duka, kuma ɗaya bayan ɗaya yake karɓar abinsa. Ranar Talata da hantsi ya karɓi Kawu, yayan mahaifiyata. Bayan la'asar muka kai shi, muka dawo da makara babu kowa a kai.

Ni dai tun da aka haife ni a Jidda ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Kujeru muka jera tun daga ƙofar gidansa a Aziziyya har bakin titi, kafin masu gahawa su gama zagayen farko sai da muka aika a ƙaro. Kuma ba malamai ne suka cika layin ba, ba attajirai ba. Tsofaffin 'yan ƙwallo ne. Daga tafiya za ka gane su. Kowa da gwiwarsa da ta riga shi yin ritaya, kowa da tumbinsa da ke shigowa layi minti biyu kafin mai shi ya iso. Babu mutum ɗaya a cikinsu da bai taɓa zagin Kawu a filin wasa ba. Na san haka don ni ma ina ciki, kuma ba yabon kai ba, na fi su iyawa.

A garin nan in ana zaman makoki, dangi ne ke tsayawa a jere, masu gaisuwa su riƙa wucewa suna dafa kafaɗar kowa. Wani ƙato da ya taɓa tsaron baya a ƙungiyarmu ya iso kaina, ya dafa ni, ya ce, "Azzamallahu ajrakum. Allah ya jiƙan hakam." Hakam, wato alƙalin wasa, shi ne sunan da duk Jidda ta san Kawu da shi. Mutumin ya yi gaba taku biyu, ya dawo. "Amma fa fanaretin da ya ba 'yan unguwar Balad a kaina, wallahi ban taɓa yaron nan ba." Sai ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska ya fashe da kuka.

Na bayansa ya ce, "Ƙarya yake, ya taɓa shi. Ina wurin. Har yau mutumin ɗingishi yake." Shi ma idonsa jawur. Ya matse mini kafaɗa ya ce, "Ni sau huɗu hakam ya kore ni daga fili. Sau huɗun nan duk ni ne da laifi. Ban taɓa faɗa masa ba."

Haka aka yi ta yi. Rabin layi addu'a, rabi ɗaukaka ƙarar shari'ar da aka yanke tun muna da gashi a ka. Amma duk wanda ya iso kan mutumin da ke tsaye a farkon jere, sai ya haɗiye zancen ƙwallo, ya dafa kafaɗa, ya wuce sum-sum. Wannan shi ne babban ɗan Kawu, taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuma nake cinye masa nama a kwano. Ranar nan ban iya tsokanarsa ba. Kowa a wurin ya san abin da ke tsakaninsa da mahaifinsa. Ƙwallo ɗaya ce ya ci, Kawu ya soke ta. Shekara ashirin da ɗoriya Kawu yana cewa gaskiya ya hura, ɗansa bai taɓa buɗe baki ya ce ya yarda ba. Ga shi an rufe Kawu da ƙasa bai ji daga bakinsa ba. Abin da ya sa muke satar kallonsa ke nan. Zai faɗa, ko shi ma zai riƙe abinsa har tasa ranar?

Bari in gaya muku wane ne Kawu, don 'ya'yanmu da ke jin Hausa amma suke amsawa da Larabci kada su tashi su ɗauka wani tsoho ne kawai mai raba alewa a aljihu.

A unguwar Nuzla aka haife shi, a ɗakin da aka haifi mahaifiyata, jikokin mutumin da ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Sana'arsa gyaran mukayyif, abin sanyaya ɗakin nan da in ya tsaya a Jidda, aure ma yana iya tsayawa. Sauran masu gyara sai sun kwance sun duba ciki. Kawu kunne yake sawa. Muna tafiya a lungu, sai ya tsaya a ƙarƙashin tagar mutanen da bai taɓa gani ba, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "A gaya wa maigidan, nan da Juma'a abin nan zai mutu." A yi masa kallon mai taɓin hankali. Ranar Alhamis a zo nemansa da gumi har gwiwa. Na taɓa cewa Kawu yana iya jin sauro na tari a Makka. Mahaifiyata ta ce in ji tsoron Allah in daina ƙarya. Na ce to, a rabin hanya.

Da la'asar kuma sai ya zama hakam. Babu wanda ya naɗa shi, babu takardar da ya riƙe. Akwai wani fili a Nuzla, ƙasa da tsakuwa, a bayan wani ƙaramin masallaci, har raga ɗaya kusan jingine take da bangon masallacin. Ranakun banza kowa na wasa a nan, leburori, direbobi, da baƙin da suka zo umra suka manta hanyar filin jirgi. Wani sabon zuwa daga Najeriya ya taɓa tasar masa da Turanci, baki na kumfa. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya zaro kati ya ce, "Ban san me ka ce ba, amma fuskarka ta fassara."

Babban abu dai shi ne gasar ɗaliban kulliya da ake yi duk hutun tsakiyar shekara, unguwa da unguwa. Sharaɗinta ɗaya, sai ɗalibi. Kawu da kansa yake duba katin makaranta, kuma na rantse masu duba iƙama, katin izinin zama, a kan titi ba su kai shi bin ƙwaƙƙwafi ba. Wata shekara 'yan Balad suka kawo wani ɗalibi mai furfura a gemu. Kawu ya dubi katin, ya dubi mutumin, ya sake duban katin. Ya ce, "Ya akhi, ka gaishe mini da ɗanka da ke cikin hoton nan. Kai kuma zauna can ka yi mana tafi."

Katunan nasa ma ba na gaske ba ne. Mai ruwan ɗorawa daga kwalin shayi ya yanko shi, jan kuma daga kwalin biskit. In ya ɗaga maka, kana iya karanta yadda ake dafa shayi a bayansa. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi dariya ba. Ba ya ihu, ba ya guje-guje. Kafin ka yi ƙeta ya riga ya tsaya a inda za ka yi ta, kamar tare kuka shirya. In ka taso masa, sai ya bari ka zazzage tas, sannan ya ce, "Ka gama? Halas."

Kuma duk wanda ya kora daga fili, washegari da safe zai ji sallama. Kawu ne riƙe da ledar ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, da burodin tamis mai zafi. Zai zauna ku ci tare, ba zai ta da zancen wasa ba ko da kalma ɗaya. Ya tambayi karatunka, ya tambayi jikin mahaifiyarka, ya saurari mukayyif ɗinku kyauta, ya tafi. Ni sau biyu na ci wannan ful ɗin. Na ukun da gangan na nema, ya gane, ya ba ni ruwan ɗorawa kawai.

Abin da ba shi da shi, agogo. Ya ce agogo rigima ne, kowa da nasa a hannu, kuma kowa nasa ne daidai. Wasa yana farawa bayan la'asar, a huta in ya ga an gaji, a tashi da kiran magariba. Ba kuma kiran kowane masallaci ba, don a Jidda in aka ce kowane masallaci, to wasa zai tashi sau goma sha biyu. Kiran ƙaramin masallacin nan ne kaɗai. Da ladan ya buɗe baki, ƙwallo ta mutu, tana ƙasa ko tana sama. Kowa ya san dokar, kuma mu 'yan Nuzla muna matuƙar sonta, don shekara da shekaru 'yan wasu unguwanni take ci.

Sai shekarar da ta ci mu.

Wasan ƙarshe ne, mu da 'yan Balad. Taubashina yana shekararsa ta biyu a kulliya, kuma Allah ya sani ba na son yabonsa, amma ƙwallo ce ke binsa, ba shi ke bin ta ba. Ranar har wani koci daga wani kulob ya zo musamman don ya gan shi, aka ba shi kujerar roba ɗaya tilo da ke filin. Ga irinmu da aka haifa a nan amma iƙama ce a aljihu, irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba. Wasu sun so a canza hakam tun da ɗansa na ciki. 'Yan Balad da bakinsu suka ce a'a, a bar musu Kawu.

Suka ci mu ɗaya tun kafin gumi ya keto. Daga nan suka koma gida su goma sha ɗaya suka kulle ƙofa. Muka yi ta bugu, muka yi ta bugu. Rana ta yi ja ta sauka bayan gidaje, kowa yana wasa ido ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan lasifikar masallaci. Ni ina gefen dama. Ƙwallo ta zo mini, na ɗaga kai, na auna, na aika ta daidai ƙirjin taubashina. Maƙiya suna cewa zamewa na yi ta bugi ƙaurina. Allah ya isa. Ya tare da ƙirji, bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya juya ya ɗirka mata ƙafar hagu daga can nesa.

Tana sama muka ji usur. Ta faɗa raga, usur ɗin bai tsaya ba, dogo, irin na tashi. Muna tsalle mun ɗauka na ci ne. Sai muka ga Kawu yana nuna masallaci, ba tsakiyar fili ba. Sai a lokacin manyan masallatai suka ɗauka, ko'ina Allahu akbar. Lasifikar ƙaramin masallacin kuwa shiru, ko tari ba ta yi ba.

Fili ya cika. Taubashina ya ratsa mutane ya tsaya a gaban mahaifinsa.

"Baba, ba a kira ba."

"An kira."

"Wa ya ji?" Ya juya yana tambayar jama'a. "Wa ya ji a nan?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

Kawu ya ce, "Na ji."

Taubashina ya cire rigarsa ya yar a gaban ƙafar mahaifinsa, ya fice. Kocin nan ya ga wannan, ya tashi ya kaɗe jikinsa, ba mu sake ganinsa ba.

Abin da Kawu ya yi bayan nan shi ne har yau ban manta ba. Mutum ya fi ɗari biyu suna ihu a kansa, wasu har da duwatsu a hannu. Ya sa usur a aljihu. Ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya kaɗe, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ratsa tsakiyarmu ya je famfo ya yi alwala a tsanake, har da tsefe gemu. Masu duwatsu suka rasa yadda za su yi da su, suka ajiye suka bi layin famfo. A sahu na tsaya kusa da shi ina huci kamar tsohuwar mota. Ya sa ƙafa ya gyara mini tawa don sahu ya miƙe.

Bayan salla aka tare ladan. Tsoho ne tukuf. Ya ce e, lasifika ta mutu tun azahar, da baki ya yi kira daga bakin ƙofa, kuma a kan lokaci. Aka ce masa, kafin ƙwallo ta shiga ko bayan ta shiga? Ya ce, "Wace ƙwallo?" Shi ke nan shaida ta ƙare. Muryar tsoho ɗaya, a bayan bango, cikin ihun unguwa biyu. Wa zai ji? Sai gari ya yanke nasa hukuncin. Aka ce Kawu ya ga rana ta faɗi, ya ga ɗansa ne ya buga, ya ji tsoron a ce ya yi son kai, ya hura. Wato ya sayi sunansa da ƙafar ɗansa. Ni na fi kowa yaɗa wannan magana, Allah ya yafe mini. Har kwaikwayonsa nake yi a majalisa, in karkata kai in ce "na ji", a yi ta faɗuwa don dariya.

Washegari da safe Kawu ya fita ya sayo ful da tamis kamar yadda yake wa kowa, ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗansa, a cikin gidansa, ya yi sallama. Inna, matarsa, ta ce sau uku ya yi. Ba a buɗe ba. Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya tafi aiki. Da ya dawo tana nan yadda ya bar ta.

Da yamma mahaifiyata ta yafa mayafi ta nufi gidansa, ina biye don kada labari ya wuce ni.

"Yaya, ɗanka ne fa."

"Na sani. Ina wurin aka raɗa masa suna."

"To ko ka ji, ba sai ka yi kamar ba ka ji ba? Daƙiƙa ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai dai tun muna yara haka kake. Kai ne ka kai ƙarar kanka wurin Baba da aka fasa tulu."

"Ai ni na fasa."

Ta tashi ta ce ba za ta sake aiko masa da kunun azumi ba har abada. Har abadar ta kai kwana uku cikin Ramadan.

Shekarar da ta biyo baya muka zauna zaɓen hakam. Muka zage shi awa guda cur, sannan muka tashi muka je muka roƙe shi ya sake hura mana. Babu wani da za mu iya sa wuyanmu a hannunsa. Ya ci gaba har gwiwarsa ta ƙi. Da ya koma kallo a talabijin, ba a taɓa jin ya zagi hakam ba. In mun tashi da ihu sai ya ce, "Shi yana can, ku kuna kan kujera." Da aka kawo na'urar nan ta bidiyo, ya ga ana maimaita abu sau goma, ana ja da baya, ana zana layi, kuma ana gamawa mutane su ci gaba da musu, sai ya ce, "Ashe ba ido ne matsalar ba."

Kada ku ɗauka taubashina ya yanke zumunci. Bai yi ba. Ya gama kulliya, ya samu aiki a Dammam, duk Juma'a yana kira, duk salla yana zuwa da 'ya'yansa, ya sunkuya ya sumbaci kan mahaifinsa. Da hukuma ta tashe mu daga Nuzla, shi ya zo ya kwashe kayan Kawu da hannunsa zuwa Aziziyya. Ƙwallo ce dai bai sake taɓawa ba. In an kunna wasa, sai ya tuna yana da wayar da zai amsa a waje. Kuma duk ƙaramar salla, bayan an ci an sha, sai ya tambaya sau ɗaya, a hankali, "Baba, ka ji?" Kawu ya ce, "Na ji." Sai a koma zancen zafi da cunkoson titi.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ka ce masa kuskure ne mana, kowa ya huta. Hakaman duniya ma suna kuskure." Ya dube ni yadda yake duban mukayyif ɗin da ba zai gyaru ba. Ya ce, "In na ce masa ban ji ba, zai rungume ni. Amma maƙaryaci zai runguma."

A ƙaramar sallar da ta wuce Kawu ya riga ya rame, sai an kama shi yake tashi. Taubashina bai tambaya ba. Inna ta ce da baƙi suka watse, Kawu ya ce mata, "Yau bai tambaya ba." Ta ce ai gara haka. Ya ce, "A'a."

Ranar zaman makoki ta biyu ina bayan kujeru wurin masu gahawa, ina duba ko dabino zai kai, sai wani ya riƙe mini hannu. Golan 'yan Balad ne na wancan wasan. A da siriri ne kamar igiyar shanya. Yanzu da za a sa shi a raga, babu inda ƙwallo za ta bi.

Na ce, "Ya Shehu, kai ne? Ina ka kai wuyanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe. "Ka tuna ranar nan ko tsalle ban yi ba?"

"Na tuna. Mun ce tsoro ne ya daskarar da kai."

"Bayana yana jikin bangon masallaci. Daidai lokacin da ɗan'uwanka ya ɗaga ƙafa na ji tsohon nan ya ce Allahu. Sai na sauke hannu. Ni a wurina wasa ya tashi."

"To da ya ce wa ya ji, ina hannun naka yake?"

"A cikin mutum ɗari biyu masu duwatsu? Ni golan da aka ci? Wa zai yarda?" Ya share fuska. "Bayan kwana biyu na je shagon kawunka, na ce zan je in rantse wa ɗansa. Ya hana ni. Ya ce hakam ba ya kawo shaida. Na ce ai wannan ta wuce maganar hakam, maganar uba ce da ɗansa. Ya ce to uba ne ma bai kamata ya kawo wa ɗansa shaida ba. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Yanzu ya tafi. Alkawarin ya tafi da shi, ko yana nan?"

Na ajiye farantin dabino. Wato Kawu yana da shaida a hannu shekara ashirin. Ana kwaikwayonsa a majalisa, ɗan ƙanwarsa ne ma jagoran masu yi. Ɗansa na cikinsa yana tashi daga ɗaki in an kunna wasa. Kalma ɗaya daga bakin wannan ƙaton ta isa ta wanke shi tas. Ya ƙi. Ya zauna yana jira duk ƙaramar salla.

Na ce, "Gobe ka dawo. Ni ba a yi alkawari da ni ba."

Ranar uku, ranar tashi, mutane sun fi na kullum yawa. Da jere ya watse kowa ya samu kujera, taubashina ya zauna a karo na farko da na gani. Na jawo golan har gabansa.

"Ubangidana," na ce, kuma tun da aka haife mu ban taɓa kiransa haka ba, "ga wani da saƙo."

Ya ɗaga kai ya dube shi, ya daɗe, har ya gano siririn yaron a cikin ƙibar. "Kai ne."

"Ni ne. Ya akhi, akwai abin da ya kamata ka sani game da ranar nan. Ni da nake raga..."

Taubashina ya ɗaga hannu. "Tsaya."

"Wallahi minti ɗaya."

"Na ce tsaya. Ko ka zo ka ce ka ji, ko ka zo ka ce ba ka ji ba. Ɗaya ce cikin biyun. Kada ka gaya mini wacce."

Na buɗe baki. Ya ce, "Kai kuma bawa, ka ce uffan in sayar da kai a Balad." Na rufe.

Ya dubi ƙasa, ya ce da golan, "Shekara ashirin ina jiran wani ya zo mini da wannan. In ka faɗa yanzu, da kai zan yarda. Shi kuma ya tafi ke nan ban yarda da shi ba. Ni na wanke shi ranar Talata. Ina zuba masa ruwa ina laluben ƙarya ɗaya da ya taɓa yi mini tun ina yaro, ɗaya tak, in jingina wannan a jikinta. Har muka ɗaure likkafani ban samu ba."

Sai ya miƙe. Bai ɗaga murya sosai ba, amma layin ya yi tsit tun daga ƙofar gida har bakin titi, masu gahawa suka tsaya da butoci a hannu.

"Jama'a, yawancinku kuna wurin ranar da muka yi wasa da 'yan Balad. Ƙwallon nan ba ci ba ce. An kira salla kafin ta shiga."

Wani ɗan ƙungiyarmu daga can baya, wanda ya shafe rabin rayuwarsa yana kare wannan ƙwallo a kowace majalisa, ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Babana."

Ya zauna. Golan ya sunkuya ya sumbaci kansa, ya koma gida da maganarsa a ciki. Har yau taubashina bai san abin da mutumin ya zo da shi ba. Ba ya karanta Hausar boko, kuma duk wanda ya karanta masa wannan, ni da shi ne.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka yafe mana abin da bakinmu ya yi masa. Kuma ka kai masa abin da ɗansa ya faɗa. Ba sai an ɗaga murya ba.